Yadda muke naɗa wa malaman jami'a darussan fodkas a Katsina

Sutudiyonmu ɗaki biyu ne da 'yar baranda a cikin birnin Katsina, kuma aikin da ya fi cin lokacinmu a 'yan shekarun nan shi ne naɗar darussan malaman manyan makarantu a matsayin fodkas, wato shirin murya da ɗalibi zai sauke a wayarsa ya saurara a duk lokacin da ya samu sarari. Garin nan gari ne na ɗalibai. Ga Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, ga Al-Qalam, ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman da Kwalejin Ilimi ta Tarayya, ban da na Dutsin-Ma da na Daura. Yawancin yaran nan a gidajen da ba a kashe rediyo suka tashi, inda iyaye ke bin Sashen Hausa na BBC, wanda yake watsa shirye-shirye tun 1957, saboda haka sauraro ba baƙon abu ba ne a wurinsu.

Buƙatar ta fito fili ne lokacin da aka rufe makarantu a watan Maris na 2020 saboda annobar korona. Wasu malamai sun gwada koyarwa ta Zoom, amma ɗalibin da ke ƙauye ba shi da datar da zai zauna awa guda yana kallon bidiyo, kuma ko yana da ita sabis ba zai bar shi ba. Murya kuwa ba ta da nauyi. Idan muka fitar da darasi na minti 20 a tsarin MP3 da aka daidaita don magana zalla, bai kai megabait 10 ba, ana tura shi ta WhatsApp ko Telegram, wanda ya sauke ya ba abokinsa ta Xender ba tare da an kashe ko sisi ba. A 2021, da aka katse layukan waya a wasu ƙananan hukumomin jihar nan saboda matsalar tsaro, a katin memori muke zuba wa ɗalibai darussa su tafi da su gida.

A shagon kawuna na koyi wannan sana'a, tun zamanin kaset. Shi ne ake kira ya naɗi tafsiri a watan azumi, ni kuma nake ɗaukar masa rikoda da wayoyi, in zauna a gefensa har a tashi. Bai taɓa ajiye makirfo a gaban lasifika ba kamar yadda sauran masu naɗa suke yi, sai ya nemi izini ya kai shi gaban malam da mai jan baƙi, domin a cewarsa muryar da ta biyo ta lasifika ta riga ta gaji kafin ta iso kaset. Idan mun koma shago sai ya sa mini kaset ɗin, ya ce, "Rufe idonka, ɗana, ka faɗa mini abin da ka ji ban da muryar malam." Nakan ce na ji tari, na ji fanka, na ji babur ya wuce. Sai ya ce to duk wannan mai saye zai ji shi, kuma kuɗinsa ya bayar don ya ji karatu. Yau da kwamfuta nake aiki, amma kunnen da nake tace murya da shi a wannan shago aka gyara shi.

Babban abin da nake fama da shi wajen fahimtar da sababbin abokan hulɗa shi ne cewa lakcar da aka ɗauka a aji ba fodkas ba ce. Malami a aji yana da allo, yana da hannu, yana kallon fuskokin ɗalibai ya gane inda aka ɓace. Mai sauraro ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Wani malamin ilimin tattalin arziki ya taɓa zuwa da takardunsa, ya zauna ya fara, bai yi nisa ba ya ce, "Kamar yadda kuke gani a wannan jadawali." Na dakatar da naɗin na ce, "Ranka ya daɗe, wanda zai saurare ka yana cikin Keke Napep ne ko yana wanki, babu jadawali a gabansa." Ya yi shiru, ya ture takardar gefe, sai ya kawo misali da farashin buhun gero a lokacin kaka da kuma farashinsa idan damina ta yi nisa rumbuna sun yi ƙasa. Cikin 'yan mintoci ya bayyana dangantakar yawan kaya da tashin farashi yadda ko mai sayar da hatsi a kasuwa zai bi shi. Tun daga nan nake roƙon kowane malami ya zo da batu ɗaya tak a kowane zama, ya faɗi abin da zai koyar tun a farko, ya maimaita muhimmiyar kalma sau biyu, kuma kada ya wuce minti 20. Inda kalmar Turanci ta yi tsauri, mukan ba da shawara ya faɗe ta yadda za ta zo a jarrabawa, sannan ya warware ta da Hausa.

Ɗakin naɗar kansa mun sha wahala a kansa. Mun lulluɓe bangon da soso mai kauri da labule masu nauyi don su shanye amsa-kuwwa, muka shimfiɗa darduma a ƙasa. Makirfo yana zama kamar taƙi ɗaya daga bakin mai magana, da 'yar raga a tsakani wadda ke tare iskar da ke fita da haruffa irin su "f" da "b". Shadda mai sitati kyakkyawa ce a ido, amma duk motsin da malam ya yi sai ta yi ƙara a makirfo, don haka mukan roƙe shi cikin ladabi ya tuɓe babbar riga kafin a fara. A watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, dole a kashe fanka yayin naɗa, shi ya sa muke sa zaman da hantsi, mu kuma tsara shi yadda za a gama kafin kiran sallar azahar. Da hunturu kuma ruwan ɗumi ba ya rabuwa da teburin, saboda bushewar maƙogwaro ana jin ta a murya. Sola da inbata muke amfani da su, domin gurnanin janareto yana ratsa bango komai kaurinsa.

Bayan malam ya tafi ne ainihin aikin yake farawa. Sai in sa abin sauraro a kunne in bi maganar jimla bayan jimla, in cire tari da tuntuɓen harshe da shirun da ya yi tsawo, amma in bar numfashin da ke tsakanin magana, domin idan aka kwashe shi duka muryar sai ta koma kamar ta na'ura. Ina daidaita ƙarfin sautin daga farko zuwa ƙarshe, sannan in gwada shi a ƙaramar waya mai arha, irin wadda mafi yawan ɗalibai ke riƙewa. Idan bai fita tar a wannan wayar ba, aikin bai ƙare ba.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne masu kwaikwayon sana'ar nan. Mutum zai sayi makirfo na jabu, ya manna kiret ɗin ƙwai a bango, wanda ba ya tare ƙarar waje ko kaɗan, ya buga lambar wayarsa ya ce shi ma sutudiyo ne da shi. Yana karɓar rabin kuɗin da muke karɓa, ya miƙa wa malami naɗin awa guda ba a tace ba, da kukan awaki da ƙarar injin markaɗe a ciki. Ɗalibi ya saurari minti biyu ya goge, malamin kuma ya yanke hukuncin cewa yaran yanzu ba sa son karatu. Daga baya irin waɗannan naɗe-naɗen wurinmu ake kawo su a ce mu gyara, alhali muryar da ta lalace tun wajen ɗauka babu manhajar da za ta dawo da ita. Su ma wasu dillalan kayan sauti ba su da tabbas, kwali na asali ne amma abin da ke ciki daban, shi ya sa ba na biyan kuɗin makirfo sai na jona shi na ji da kunnena.

Ina faɗa wa kowane malami gaskiya cewa fodkas ba zai maye gurbin aji ba, kuma darussan da ke buƙatar ɗakin gwaji ko lissafi a kan allo ba su dace da shi ba sai dai a matsayin shimfiɗa ko bita. Amma a tarihi, shari'a, adabi, ilimin addini da nazarin koyarwa, amfaninsa a bayyane yake, musamman ga matan aure da ke haɗa karatu da hidimar gida, da malaman firamare masu karatun wucin gadi, da ɗalibai masu lalurar gani. A wannan zangon karatu mun fara karɓar ɗalibai rukuni-rukuni, waɗanda malamansu suka ba su aikin shirya tattaunawa ta minti 10 a kan wani batu maimakon rubuta takarda. Muna ware musu ranar Asabar, kuma sharaɗinmu shi ne su zo da rubutaccen tsarin abin da za su faɗa, wanda malaminsu ya riga ya duba ya sa hannu.