Kafin ku auna yaro, ku auna ma'aunin

Ƙannena masu shigowa aikin taimaka wa yaran da hannu ko jiki bai ba su haɗin kai ba, takardar farko da za a miƙa muku ita ce ta awo: jerin abubuwan da ya kamata yaro ya iya a kowane wata. Ku karɓa, ku koye ta, amma ku tambaya a kan ƴaƴan wa aka gwada ta. Ni ban tambaya ba, kuma iyayen yara ne suka sha wahalar sakacina.

Wadda na fara aiki da ita nan Damagaram ita ce ta Denver, wadda wasu masana biyu, Frankenburg da Dodds, suka fitar a Amurka a 1967, aka sabunta ta a farkon shekarun 1990. Tana tambaya ko yaro yana ci da cokali mai yatsu, ko yana goge haƙora da buroshi, ko yana wasan kati. Yarinyar unguwar Birni da ke ɓarar gyaɗa, tana wasan carafke ba tsakuwar da ke kuɓuce mata, sai na miƙa mata fensir karon farko a rayuwarta, ta kasa kwafar zane, na rubuta tana da jinkiri. Na sha faɗa wa uwa wannan magana, ta tafi gida da ita, alhali yatsun ƴarta lafiya lau suke.

Kuskurena na biyu ya fi muni, domin na yi shi ina jin na waye. Na cire cokali na sa yankar loma, na cire wasan kati na sa dara, amma na bar watannin da ke jikin takardar yadda suke. Waɗannan watanni kuwa ba daga sama suka faɗo ba. An gwada ɗimbin yara ne aka ga lokacin da kashi 25, 50, 75 da 90 cikin ɗari suke iya kowane abu. In ka canja aikin, lissafin ya tashi, sai ka sake gwaji daga tushe. Abin da na yi tamkar sauya tiya ne a ci gaba da karɓar tsohon farashi.

A Malawi an bi hanyar da ta dace. Melissa Gladstone da abokan aikinta sun zauna da iyaye suka ji abin da ake sa ran yaro ya iya a ƙauye, suka tsara abubuwa 185, suka gwada a kan yara 1,426 masu lafiya, suka tace su zuwa 136, suka fitar da sakamakon a 2010. Sannan suka duba ko ma'aunin yana bambanta waɗannan da yaran da aka riga aka san suna da naƙasa ko tamowa. Wannan matakin ku riƙe shi da kyau. Ma'aunin da bai iya gano yaron da kowa a unguwa ya san yana da matsala ba, ba shi da amfani komai kyan takardarsa.

Ba ku da kuɗin irin wannan bincike, na sani, amma akwai abin da bai fi ƙarfinku ba. Ku biyu ku auna yaro ɗaya, kowa ya cika takardarsa ba tare da leƙen ɗan'uwansa ba, ku gwama. Ku sake auna shi bayan mako biyu. In sakamako ya yi hannun riga, ku tuhumi tambayar ko yadda kuke yin ta kafin ku tuhumi yaron.

Ku tabbatar da watannin haihuwa. In babu takarda, ku duba katin rigakafi, ko ku yi lissafi da azumi, Babbar Salla da kaka. Wata uku a rayuwar ɗan shekara ɗaya ba wasa ba ne. Yaron da ya sunkuyar da kai gaban baƙo tarbiyya yake nunawa, ku bar shi ya saba da ku tukuna. In gidansu Barbarci ko Fulatanci ake yi, a yi masa magana da harshen. In kuma ɗan fari ne, uwarsa tana jin kunyar yabonsa, wani lokaci ko sunansa ba za ta kama ba, sai ku nemi kaka ko goggo ku yi mata tambayoyin.