Cinikin jirgin feshi bayan injiniya ya duba shi

Shekarar da tsuntsayen jan-baki suka yi mana kaca-kaca da shinkafa a fadamar Argungu, Kawu ya ce ya gaji da jiran jirgin gwamnati, a nemo masa nasa. Dillali ya haɗa mu da wani manomi a Afirka ta Kudu mai Piper Pawnee, tsohon jirgin feshi mai kujera ɗaya. A hoto kamar yau aka ƙera shi.

Kawu ya ce, "Ɗana, taya mu wuce wurin." Na ce, "Kawu, ko sa za a saya a kara, sai an duba haƙoransa." Muka ɗauki injiniyanmu, ba wanda mai jirgin ya nuna ba, aka kuma rubuta cewa kafin alƙalami zai dawo in an ga babban aibu.

Aka kuwa gani. Injinsa Lycoming O-540 ne, masu ƙera shi sun ce in a jirgin feshi yake, a yi masa garambawul bayan awa 1,500 ko shekara 12, duk wadda ta riga. Mai jirgin awa 1,100 yake ta nanatawa, amma takardu sun nuna shekara 15 rabon da a buɗe shi. Silinda ɗaya tana sakin iska, sannan maganin feshi ya sa tsatsa ta ci ƙarafan wutsiya a ƙarƙashin yadin da aka lulluɓe su da shi.

Nan na yi wauta. Na jera wa mai jirgin aibu fiye da ashirin, har da yagaggiyar kujera da koɗaɗɗen fenti. Kwana uku bai amsa ba. Injiniyan ya ce, "Malam, jirgin da ya girme ka kake so ba tabo? Ware abin da zai hana shi tashi, ka bar sauran." Na koma da abu uku kacal, kowanne da rubutaccen kuɗin gyaransa. Washegari mai jirgin ya kira. Ya ɗauki gyaran wutsiya da silinda, injiniyanmu ya sa hannu, ya kuma rage rabin kuɗin garambawul. Na so duka, ya ce albarka, Kawu ya ce in karɓa haka.

Abin da ban lissafa ba shi ne kwance fukafukai, kwantena zuwa Legas, kwastam, da rajistar NCAA, hukumar kula da jiragen sama ta Najeriya, don lambar 5N ta jiragen ƙasar. Su suka lashe ragin da nake ta taƙama da shi, har yau Kawu yana min tsiya a kai.