Jaridun da suka tambayi mai kanti: wa ka ɗauka aiki?

A shekarar 1929 wata jarida ta baƙaƙen fata a birnin Shikago na Amurka, mai suna Chicago Whip, ta tayar da gangami da saƙo guda ɗaya: kada ka kashe kuɗinka a inda ba za a ɗauke ka aiki ba. Unguwannin kudancin birnin cike suke da baƙar fata, su ne masu ciniki a kantunan wurin, amma in ka leƙa bayan kanta ba ka ganin ɗan'uwansu yana karɓar kuɗi. Wanda aka ɗauka, to shara ce ko dako. Jaridar ta riƙa ambaton kantunan da suna, mutane suka ƙaurace musu, har ta kai ga tsayuwa da alluna a ƙofar rassan babban kantin Woolworth a 1930. Daga baya aka fara ɗaukar baƙaƙe a matsayin masu sayar da kaya. Gangamin ya bazu zuwa wasu birane, kuma a 1938 Kotun Ƙolin Amurka ta tabbatar da cewa irin wannan tsayuwa a ƙofar kanti ba ta saɓa doka ba.

A darasin tarihin aikin jarida na haɗu da wannan labari, kuma da shi na gina kundina na kammala karatu. Yawancinmu in aka ce gwagwarmayar 'yancin baƙaƙen Amurka, Martin Luther King muke tunawa da manyan jawabai da jerin gwano. Tsofaffin shafukan jaridun nan kuwa, abin da ya cika su maganar tuwo ce: wane kamfani ne ba ya ɗaukar baƙar fata, wace ƙungiyar ƙwadago ce ta rufe musu ƙofa, nawa ake biyan wannan, nawa ake biyan wancan a kan aiki iri ɗaya.

Wadda ta fi tsaya min a rai ita ce Ida B. Wells. A 1892, a garin Memphis, gungun fararen fata suka kashe wasu baƙaƙe uku masu kantin kayan masarufi, cikinsu har da amininta Thomas Moss. Tushen rigimar shi ne kantinsu ya fara janye masu ciniki daga kantin wani Bature da ke kusa. Ta rubuta a jaridarta, Free Speech, ta shawarci mutane su bar garin, kuma da yawa sun bari. Ba a jima ba aka far wa ofishinta aka lalata shi tana can a tafiya. Abin da ta yi bayan haka shi ne darasin. Ta zauna tana tattara kashe-kashen gillar da ake yi wa baƙaƙe, ɗaya bayan ɗaya, da rana da gari da laifin da aka ɗora wa mamaci, kuma daga jaridun fararen fata ta kwaso alƙaluman, don kada wani ya ce ƙirƙira ta yi. Da lissafinsu ta nuna cewa zargin fyaɗe da ake fakewa da shi bai ma taso ba a mafi yawan kisan.

Yau in wani ya shigo ɗakin labaranmu yana kukan an yi son kai wajen ɗaukar ma'aikata, sai na ba shi kujera na ce, Malam, mutum nawa aka ɗauka, ina jerin sunayen, yaushe aka yi tallar gurbin? Wasu ransu kan ɓaci, suna ganin ban yarda da su ba ne. Alhali kuka ba tare da lissafi ba, kakakin ma'aikata zai goge shi da sanarwa mai layi uku.

Chicago Defender, wadda Robert Abbott ya kafa a 1905, ta koya min wani abu dabam, wato yadda jarida ke isa hannun mai buƙatarta. A garuruwa da dama na kudancin ƙasar an hana sayar da ita. Sai baƙaƙen ma'aikatan taragon kwana na kamfanin Pullman suka riƙa ɓoye ƙunshinta a jirgin ƙasa suna saukewa a hanya. Kwafi ɗaya kan zaga hannu da hannu, a karanta shi da ƙarfi a shagon aski ko bayan an tashi daga coci. A ciki akwai tallar guraben aiki a masana'antun arewa da lokutan tashin jirage. Mai karatu yana rufe shafi ya san abin da zai yi gobe. Tana cikin abubuwan da suka rura babban ƙauran nan da ya kwashe baƙaƙe wajen miliyan 6 daga kudu kafin 1970.

Sai kuma wasiƙar James Thompson, matashi ɗan shekara 26 da ke aiki a ɗakin cin abincin wata masana'antar jiragen sama a Wichita. A farkon 1942 ya rubuta wa jaridar baƙaƙe ta Pittsburgh Courier yana tambaya ko ya dace ya ba da ransa a Yaƙin Duniya na Biyu don ya ci gaba da zama rabin ɗan ƙasa. Wata bakwai kafin nan Shugaba Roosevelt ya sa hannu a umarnin hana wariya a masana'antun tsaro, bayan A. Philip Randolph, baƙar fata jagoran 'yan ƙwadago, ya yi barazanar cika babban birnin ƙasar da masu zanga-zanga, amma a ƙasa ba a ga canji sosai ba. Editocin suka mayar da wasiƙar gangamin neman nasara biyu, ɗaya a fagen daga, ɗaya a gida. Mu kuwa wasiƙun masu karatu sai an rasa abin cike gurbi ake tunawa da su.

A aji an karantar da mu cewa ɗan jarida ba ya ɗaukar ɓangare. Waɗannan sun ɗauka, a fili, kuma ban ga laifinsu ba, tunda manyan jaridun wancan lokacin ba sa ambaton baƙar fata sai ya aikata laifi. Ba wai tsarkaka ba ne. Kanunsu kan yi zafi fiye da labarin, kuma kusa da sharhin alfahari da launin fata sai ka ga tallar man bilicin, abin da ba baƙo ba ne a wurinmu. Dalili kuwa kuɗi ne. Manyan kamfanoni ba sa ba su talla, don haka da kwabban masu saye da ƙananan tallace-tallace suke rayuwa. Wannan rashin shi ya sakar musu baki. Wadda ta jingina da masu talla kuwa ta ji a jikinta: Arkansas State Press ta Daisy Bates da mijinta ta tsaya wa ɗalibai baƙaƙe tara da suka shiga makarantar fararen fata a birnin Little Rock a 1957, masu talla suka janye, a 1959 ta rufe.

Bayan dokar 1964 da ta haramta wariya wajen ɗaukar aiki, da tarzomar da ta biyo a birane, manyan jaridu da gidajen talabijin suka farga ba su da wakilan da za su iya shiga unguwannin baƙaƙe. Suka zo da albashi mai tsoka suka kwashe ƙwararrun da ƙananan jaridun nan suka raina, masu karatu ma suka bi su. Chicago Defender ta daina fitowa a takarda a 2019, sai a intanet.