Jelar da aka ɗaura wa magani, da inda aka ɗaura ta

A kemis ɗin da nake aiki a Idi-Araba, wata Hajiya mai sayar da atamfa ta riƙe kwalin Ozempic, allurar ciwon suga, tana juya shi, ta ce, "Ɗana, ta yaya allura ɗaya za ta yi mini aikin kwana bakwai? Ƙarfi aka ƙara mata?" Na ce, "Hajiya, ba ƙarfi aka ƙara ba, jela aka ɗaura mata." Layi ya yi tsawo a ranar, ban samu na yi mata bayani yadda nake so ba, ga shi kuwa ɓangaren ilimin haɗa magani ne da ya fi burge ni tun ina makaranta.

Bayan mutum ya ci abinci, hanjinsa na fitar da wani ɗan ƙaramin furotin mai suna GLP-1, wanda ke sa jiki ya saki insulin. Matsalarsa ita ce ba ya daɗewa. Cikin kamar minti 2 wani sinadari mai suna DPP-4 ya datse shi, ƙoda ta tace sauran. Masu bincike na Novo Nordisk a Denmak sai suka taɓa shi a wuri uku. Furotin sarƙa ce ta ƙananan tubala da ake kira amino asid, kowanne da lambar gurbinsa. A gurbi na 8 suka canza amino asid ɗin don mai datsewa ya rasa inda zai kama. A gurbi na 26, inda akwai amino asid mai suna laisin, suka ɗaura jelar mai, mai kabon 18. Jelar nan takan maƙale wa albumin, furotin ɗin da ya fi yawa a ruwan jini, sai maganin ya yi ta yawo a jikinsa ƙoda ba ta iya fitar da shi da wuri ba. Minti 2 ya koma wajen mako guda.

Na ukun ne ya fi kama hankalina. GLP-1 na da laisin biyu, ɗaya a 26, ɗaya a 34, kuma sinadarin da ke ɗaura jelar ba ya tantancewa, duk wanda ya samu kamawa yake yi. Sai suka cire na 34 suka sa arjinin a madadinsa. Ƙugiya ɗaya ta rage, dole jela ta tafi can. Shi ya sa abin da ke cikin biron allurar Hajiya yau shi ne dai abin da zai kasance a na wata mai zuwa.

Da ba haka ake yi ba. Adagen, furotin na farko da aka liƙa wa sarƙar PEG (wani dogon sinadari da ke sa magani ya daɗe a jini), an amince da shi a Amurka a 1990, kuma sarƙoƙin barkatai suke a jikinsa. Pegasys na 2002, wanda wasu masu ciwon hanta nau'in B suka sani, furotin ɗin intaferon ne da aka liƙa wa sarƙar PEG ɗaya, amma takan faɗa kan wannan laisin ko wancan, kwalba ɗaya ta ƙunshi 'yan'uwa iri-iri. A gwajin ɗakin bincike ƙarfinsa bai kai kashi 10 cikin 100 na asalin intaferon ba, daɗewarsa a jini ce ke cike giɓin. Wanda ya taɓa tsayawa a kasuwar Mile 12 zai gane dalili: ɗan dako in an ɗora masa kwandon tumatir a ka, tafiyarsa yake yi, in kuwa a gaban idonsa aka ɗaure masa, ƙarfin na nan amma ba ya ganin hanya. Furotin ma yana da gefen da yake aiki da shi, kaya ya sauka nan an rage masa amfani.

A 2002 ɗin ce kuma kamfanin Amgen ya fito da Neulasta. Masu karɓar kemo sun san wahalar filgrastim, allurar ƙara fararen ƙwayoyin jini da ake yi kullum. Aka ɗan tsamama ruwan haɗin yadda PEG za ta fi son bakin farko na filgrastim ɗin, ta bar laisin ɗinsa. Allurar kullum ta zama sau ɗaya a kowane zagayen kemo.

Inda abin ya zama na rai da mutuwa shi ne magungunan kansa da ake ɗaura guba a jikin antibodi, furotin ɗin garkuwar jiki mai gane abin da zai kama, don ta kai ta har cikin ƙarin. Antibodi irin trastuzumab na da laisin sama da 80. A Kadcyla, wato trastuzumab mai ɗauke da guba, da aka amince da shi a 2013 don kansar nono, matsakaicin gubar 3.5 ne kan kowace antibodi, amma wata na ɗauke da 1, wata 7, wata ba komai. Wadda ba ta da kaya takan tare wa masu kaya wuri a jikin ƙwayar kansar. Wadda aka cika wa kaya kuma jiki na saurin kwashe ta daga jini. Kadcyla na aiki, ya tsawaita rayuwar mata da yawa, ba kushe shi nake yi ba. Amma wannan ne ya sa masu bincike na kamfanin Genentech suka wallafa a 2008 hanyar dasa wani amino asid mai suna sisteyin a matsayin ƙugiya a wurin da suka zaɓa da kansu, guba kusan 2 kan kowace antibodi, kuma a gwajin dabbobi jiki ya fi jure ta. Wani masanin Amurka, Peter Schultz, ya bi ta wata hanya, ya sa ƙwayoyin halitta su saka amino asid ɗin da babu shi a halitta, ƙugiyar da ba mai kama ta sai abin da aka yi dominta. Irin wannan haɗi ne ya ba Carolyn Bertozzi, Morten Meldal da Barry Sharpless kyautar Nobel a 2022.

Duk wannan ƙoƙari yana iya lalacewa a nan Legas, tsakanin tashar jirgi da hannun mara lafiya. Magungunan nan firji suke so, digiri 2 zuwa 8, mu kuwa mun san halin wutarmu. Kowace safiya kafin in buɗe ƙofa sai na duba ma'aunin sanyi na rubuta. Sannan ga jabu. A watan Yunin 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi kan jabun Ozempic da aka gano a Brazil, Birtaniya da Amurka. An taɓa kawo mini tallan wasu biro a jakar leda, babu ƙanƙara, farashin rabin na kasuwa. Na mayar wa mai shi kayansa.

Shekarar 2026 ce wa'adin haƙƙin mallakar samaglutaid, sinadarin da ke cikin Ozempic, a ƙasashe irin su Indiya da Sin, kuma ina fatan masu araha su iso mana, don yawancin masu ciwon suga da nake gani ba sa iya sayen na yanzu. Amma duk dilan da zai kawo mini, bayan lambar NAFDAC da takardar sanyi, zan nemi takardar gwajin wannan rukunin, in ga tsabtarsa kashi nawa ce, in ga kuma shaidar cewa jelar a gurbi na 26 take.