Abin da na koya a ɗakin farolet kafin in ajiye aiki

Ƙarshen watan nan zan miƙa makullin ɗakin tsuntsaye, kuma wanda zai gaje ni ya kamata ya san halin 'yan ƙananan akun nan da muke kira farolet. Irin da muke kiwo asalinsu yammacin Ekwado ne da arewa maso yammacin Peru, a Kudancin Amurka. Tsawonsu wajen santimita 13 ne, nauyinsu wajen giram 30, amma zuciyarsu ta babban aku ce. Farolet zai iya kama yatsan tsuntsun da ya ninka shi girma ya ji masa ciwo.

Ubangidana bai taɓa yarda da wannan ba. Shi dai ya ga shuɗi a fiffike da gindin wutsiya, ya ce namiji ne. Ya ga kore zalla, ya ce mace ce. Sai a haɗa su keji ɗaya, a rataya akwatin sheƙa, a jira ƙwai. Haka ya haɗa wani balagaggen namiji da 'yar ƙaramar macen da ko shekara ba ta cika ba. Namijin ya yi duk abin da ake yi na zawarci: ya riƙa gyaɗa kai sama da ƙasa, yana lanƙwasa wuya, yana dawo da abincin da ya haɗiye don ya sa mata a baki. Macen da ta amince takan karɓa, ta bari ya gyara mata gashin kai, su kwana kafaɗa da kafaɗa. Wannan kuwa sai ta kau da kai ta koma ƙasan keji. Daga nan ya fara korarta daga kwanon abinci.

Na ce, "Ranka ya daɗe, a raba su, zai kashe ta." Ya yi dariya ya ce tsakanin miji da mata sai Allah, in bar su su saba. Na nemi ko akwatin sheƙar a cire, domin shi ne ke ƙara zuga namijin. Ya ce ba a ɗauke ni aiki don in koya masa sana'arsa ba. Wata safiya muka tarar da ita a ƙasa, an fasa mata ƙeya. Ya cire kuɗinta daga albashina, ya kuma gaya wa mutumin da ya riga ya biya kafin alƙalami cewa yaron ɗakin ne ya yi sakaci. Ina tsaye ya faɗi haka. Kuɗin bai dame ni kamar kalmar sakacin ba.

Abin dariyar, ubangidan nan nawa ne ya taɓa ɗura wa wani lafiyayyen namiji magani don ya gan shi yana zubo abinci a jikin madubi. Tsuntsun nan budurwa ya gani a madubin. Bambancin ba shi da wuya: mai zawarci yana gyaɗa kai a natse, ya ajiye abincin inda yake so. Mai amai kuwa girgiza kai yake hagu da dama, abincin ya watsu, gashin kansa ya manne, ya takure a kan sanda. Wannan shi ake kai wa likitan dabbobi ba tare da jinkiri ba.

Sauran ba sa buƙatar dogon bayani. A shafa musu kai da wuya kawai, domin shafa baya ko ƙarƙashin fiffike yana sa tsuntsun ya ɗauki mai shi a matsayin abokin aure, daga nan cizo da kishi su biyo baya. Mace tana yin ƙwai ko babu namiji, kuma yawan yinsa yana cinye mata kalsiyam, sinadarin da ke gina ɓawon ƙwai, har ƙwai ya maƙale mata. A ba su duhu na awa 10 zuwa 12, a hana su lungu mai kama da sheƙa. Ƙarar goga baki da suke yi kafin barci alamar natsuwa ce.

Sannan a saurare su. Wani masanin tsuntsaye mai suna Karl Berg ya nuna a 2011, a kan wani jinsin farolet na Benezuwela, cewa 'ya'yan suna koyon kiran da za a san kowannensu da shi ne daga iyayen da suka rene su, kamar dai suna. Da na gaya wa ubangidana ya ce karatu ya yi min yawa.

Sabon zuwa, idan za ka haɗa biyu, fara ajiye kejinsu gefe da gefe, ka kuma tanadi keji na uku. In ka ga ana kora daga kwanon abinci, raba su tukuna, sannan ka sanar da ubangidan, kuma ka yi hakan a gaban shaida.