Mai Niyyar Yankari Daga Maradi, Ga Abin Lura

Ƴan uwa masu tambayar zuwa gandun dajin Yankari da ke jihar Bauchi a Najeriya ba tare da kamfanin yawon buɗe ido ba, abu ne mai yiwuwa. Hanya ita ce Dan Isa, Jibiya, Katsina, Kano, sai Bauchi. Tafiyar rana kawai, kar a yi dare tsakanin Jibiya da Katsina. A riƙe fasfo da katin rigakafin shawara, a canza sefa zuwa naira tun a gida.

Inda mutane ke shan wuya shi ne bayan Bauchi. Motar haya ta hanyar Gwambe a Dindima za ta ajiye ka, da sauran tafiya kafin Mainamaji inda ƙofar shiga gandun take, daga ƙofar zuwa sansanin Wikki, masaukin baƙi, kuwa ya fi kilomita 40 cikin daji. Ɗauki shatar mota, ku tsayar da ranar da direba zai dawo.

Ku je da rani, Janairu zuwa Afrilu, lokacin ciyawa ta bushe, ɓauna da gwanki na gangarowa kogin Gaji. Giwa dai sai an dace.

Ruwan marmaron Wikki da ke kusa da sansanin ɗumi gare shi, digiri 31 dare da rana, garau har kana hango yashin ƙasa. Amma a kulle ɗaki, gwaggon biri leda kawai yake jira ya gani a hannunka ya fizge.