Aikin hancin da aka yi mini a Damagaram

Shekara 6 ina kwana da baki a buɗe. In tashi da asuba maƙogwaro ya bushe ƙamas, kai na sara, uwargida kuma ta gaji da munsharina. Na ɗauka mura ce mai naci, sai in sayi maganin ɗigawa a farmasi, hanci ya buɗe nan take. Ashe shi ke ƙara mini ciwon. Likitan kunne, hanci da maƙogwaro ya ce irin wannan magani ba a wuce kwana 5 ana sa shi, in an zarce naman sai ya ƙara kumbura. Ni kuwa kusan shekara 2 kwalbar na aljihuna.

Ya haska hancina ya yi mini bayani. Kowane gefe akwai ƙananan ƙasusuwa 3 lulluɓe da nama, likitoci na ce musu korne. Su ke ɗumama iska, su jiƙa ta, su tace ƙura. Na ƙasan, wanda ya fi girma, shi ya kumbura ya tare hanya. Bai yi gaggawar aiki ba, sai da na yi wata 3 ina fesa wani magani, abin bai sauya ba.

Na ce, "Likita, a cire shi duka mana in huta."

Ya ce, "A'a, Malam, ragewa za mu yi. In aka kwashe duka, hanci zai bushe, kana jan iska amma ka ji kamar ba ta shiga."

An sa ni barci, aikin bai kai awa guda ba. Wahalar tana bayansa: audugar da aka cusa mini kwana 2, sai ɓawon jini da ke sake toshe hancin har makonni. An hana ni fyace hanci da ɗaukar kaya mai nauyi, a alwala ma a hankali nake kai ruwa.

Kuskuren nawa ne. Na zaɓi Disamba, tsakiyar hunturu, kuma kwana 5 kacal bayan aikin na hau babur zuwa shagona a unguwar Zango ba tare da rufe hanci ba. Da la'asar jini ya ɓalle, na koma asibiti. Daga ranar na riƙe wankin hanci da ruwan gishiri, ruwan da aka tafasa ya huce, safe, rana da dare.

A mako na 6 na fara barci da baki a rufe. Ƙura dai har yanzu tana tayar mini da atishawa, shi ya sa da hazo ya sauko nake komawa ruwan gishirina.